Kujera Ɗaya a Ɗakin Sanyi

A shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa, Gyadi-Gyadi ba ta cika maƙil haka ba. In ka bar bakin titin Zariya ka yi ciki kaɗan, sai gonakin dawa har Darmanawa. Rabin mutanen unguwar baƙi ne daga ƙauyuka, direbobi da leburori da masu tura kura, kowa ya zo da niyyar yin shekara biyu ya koma gida, sai ga shi yana aurar da 'ya'yansa a nan. Mu da muke layi ɗaya da gidan Iyatu duk haka muka zo.

Mijin Iyatu, Maje, direban wani kamfanin saƙa ne da ke Bompai. Motarsa ta kife da shi a dajin Falgore yana dawowa daga Jos, ya bar ta da ɗa guda, Ɗahiru, yana tsakiyar sakandare. Tun da ta fita takaba 'yan'uwanta na Kibiya suka sa ta a gaba: mace ba miji, zaman me take yi a birni? Yayanta, Kawu Ɗanladi, duk kaka sai ya zo da buhun gero da wannan magana ɗaya. Ita kuwa tana da ciwon ƙirji, irin wanda in ya tashi sai an ruga da ita asibiti an yi mata allura kafin numfashi ya dawo, a ƙauyensu kuma a lokacin babu abin da za a ba ta sai hayaƙi da jiƙo. Ba ta taɓa faɗa wa yayanta haka ba, don kar ya ce ta raina gida. Abin da take cewa kullum shi ne, "Yaya, a bari yaron nan ya kama aiki." A ƙarshe suka tsaya a kan haka: in Ɗahiru ya samu aiki a Kano, ta zauna a ƙarƙashinsa, in bai samu ba, su tattara su koma, gona na nan tana jiransa.

Wanda ya ɗauki nauyin samun aikin kuwa shi ne Malam Isyaku na Tarauni, shugaban ɗakin kwamfuta na kamfanin da Maje ya yi wa tuƙi. Ranar sadakar uku ya dafa kan Ɗahiru a gaban mutane ya ce, "Wannan nawa ne." Mutane da yawa kan faɗi haka a gidan makoki, su tashi su kaɗe riga, shi ke nan. Shi bai manta ba. Ɗahiru na gama sakandare Malam ya zo da babur ɗinsa Basfa ya ɗauke shi, ya sa shi cikin samarin da kamfani ke koya wa aikin inji, da alkawarin in an gama koyo za a ɗauki mutum ɗaya.

Kada ku ji an ce kwamfuta ku ɗauka irin wadda jikokinku ke sakawa a aljihu ce. Wannan ɗaki guda ta cinye, akwatunan ƙarfe ne dogaye a jere, ga sanyin iyakwandishan da ke sa mutum rawar ɗari a tsakiyar bazara. Shi ya sa duk unguwa muke ce wa wurin ɗakin sanyi, har tsofaffi na tambayar Iyatu ko kifi ɗanta yake sayarwa. Kuma ba yadda za ka yi mata magana sai da kati. Kowane layi na umarni a huda shi a kati ɗaya, a jera katunan tuli guda, a zuba mata ta haɗiye, can ta fito da amsa a doguwar takarda. Kati ɗaya ya kauce daga wurinsa, aikin yini ya tashi a banza.

A cikin kowane inji kuma akwai abin da ke tafiyar da shi, wanda 'yan yanzu ke kira babbar manhaja, su kuma a lokacin sistem suke cewa. Shi ne maigidan: shi ke karɓar aiki, ya ce wannan ya shiga, wannan ya jira. Kowane kamfanin ƙera inji da nasa sistem, kuma ba sa jin maganar juna. Katunan farko da ake ɗorawa a saman tuli su ne ke gaya wa maigidan nan ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Malam Isyaku sallama yake ce musu. "Mutum ma ba ka faɗa masa gida haka kawai," in ji shi, "balle inji da ba shi da kara."

Samarin koyon aikin su huɗu aka fara da su. Biyu suka gudu kafin damina, ɗaya ya ce sanyi zai kashe shi, ɗaya ya samu aikin kwastan. Aka bar Ɗahiru da Bello. Bello ɗan Baba Lawan ne, maigadin ƙofar kamfanin, daga Unguwa Uku yake zuwa. Yaro ne mai haƙuri da tsafta a aiki, amma abin da Ɗahiru zai ɗauka a zama ɗaya, shi sai ya wuni ya kwana yana juya shi. Kullum da safe yakan tsaya a bakin layinmu ya kaɗa ƙararrawar keke, su ɗauki hanyar Bompai tare.

"Ni fa rakiya na zo yi maka," yakan ce wa Ɗahiru yana dariya. "In ka zama oga ka ɗauke ni masinja, ka ga na huta da huda kati."

Kowa ya san kujerar ta Ɗahiru ce, har Baba Lawan in ya buɗe masa ƙofa ranka ya daɗe yake ce masa don tsokana.

Sai wata magana ta fara yawo, wai saboda sabuwar dokar mallakar kamfanoni, Turawan Amurka da suka kawo injin za su naɗe tabarmarsu su bar ƙasar. In sun tafi wa zai gyara shi? In ya mutu, me mutum zai yi da sistem ɗin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haddacewa? Malam Isyaku in an yi zancen sai ya yi dariya ya ce inji na nan daram. Ɗahiru kuwa abin ya shige shi. Yaro ne da ya ga ubansa ya fita lafiya lau an dawo da gawarsa a bayan akori-kura, don haka ba ya sakin jiki da daram ɗin kowa.

Ana cikin haka ya haɗu da Malam Inuwa a wurin mai faci. Inuwa ya yi kwas a Ingila, ya dawo da suma tuli a ka da wando mai faɗin ƙafa da ke share ƙasa. Da can shi ma yaron Malam Isyaku ne, ya yi shekaru a ɗakin sanyi, rana ɗaya aka neme shi aka rasa, sai labari aka ji ya bi wasu Turawan Ingila. Tun daga ranar ba a ambatar sunansa a gaban Malam.

"Kai ne sabon ɗan gaban goshin Malam?" Inuwa ya ce, yana leƙen Ɗahiru ta saman tabarau. "Allah sarki. Injin nan naku, nan da 'yan shekaru kaji ne za su riƙa ƙwai a cikinsa. Ka ji labarin sabuwar hukumar da gwamnati ta buɗe? Sun yi odar inji daga Ingila, yanzu haka ma yana kan ruwa. Sistem ɗinsa daban ne, kuma duk Kano ni kaɗai na iya shi. In ya iso mutane za su nema, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ina koyarwa a Unguwar Gano bayan la'asar. Ni ban ce ka bar Malam ba. Ka riƙe biyu mana, in wannan ya mutu kana da wancan."

Maganar gaskiya, Inuwa bai yi ƙarya ba, abin da ya sani ya faɗa, kuma shawarar ba ta da aibu. Ko ni aka tambaya a lokacin cewa zan yi a je a koya. Abu ɗaya ya rage, a gaya wa Malam.

Iyatu na tankaɗe a tsakar gida Ɗahiru ya kawo mata zancen. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika kallonsa ido cikin ido ba. Ta saurara har ya gama.

"Ƙarin karatu ai ba laifi ba ne," ta ce. "Malam ya sani?"

"Inna, ta ina zan fara? In ce masa nasa bai ishe ni ba? Kuma a wurin Inuwa?"

Ta ci gaba da kaɗa rariya. "Da nauyi kam. Amma kar ka bari ya ji a bakin wani."

Ya gwada, wannan shaida ce zan yi masa. Wata rana sarƙar kekensa ta tsinke, Malam ya goyo shi a Basfa. Sun zo daidai kwanar Tarauni ya tattara ƙarfinsa ya ce, "Malam, wai in mutum ya san sistem biyu..." Iska ta kwashe rabin maganar. Malam ya rage gudu ya ce, "Me ka ce?" Kafin Ɗahiru ya maimaita, sai shi Malam ya ci gaba, kamar abin na cin sa tun ɗazu: "Ka san a bayan mashin ɗin nan na riƙa ɗauko Inuwa? Nan inda kake zaune. Ko sai wata rana bai ce mini ba, Ɗahiru." Ba faɗa a muryar, ciwo ne kawai. Ɗahiru ya haɗiye tambayarsa ya ce wai cewa ya yi hadari na haɗowa.

Haka ya fara zuwa Unguwar Gano a ɓoye. Ajin wani soro ne da aka ba Inuwa aro, ga baƙin allo jingine da bango, ga wasu littattafai masu kauri da ake karɓa-karɓa, ɗalibai a kan benci gwiwa na gugar gwiwa. Inji babu, ko na huda kati babu. A takarda suke rubuta umarni, Inuwa ya zauna a kujera ya naɗe hannu ya ce, "Ni ne injin, ku kawo." Ya karanta, in ya ga kuskure ya yi wata ƙara da hanci ya wurgo wa mai ita takardarsa. Ana dariya, amma ana koyo.

Kuma abin ya yi wa Ɗahiru daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai da ya ga yadda wani gida ke tafiyar da lamuransa sannan ya gane nasu gidan. Abubuwan da da can haddar su kawai ya yi don Malam ya ce haka ake yi, yanzu ya san dalilinsu. A ɗakin sanyi hannunsa ya ƙara faɗawa, har ya gano wata hanya da ta rage wa wani aiki rabin katunansa, Malam ya riƙa zagayawa da takardar yana nuna wa manyan kamfani yana cewa, "Yarona ne ya yi." Duk sanda ya faɗi haka sai Ɗahiru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bello kaɗai ya lura abokinsa ya daina bin hanyar gida da yamma. Da ya tambaya aka ce masa aike ne, ya ce to, bai ƙara tambaya ba.

Wajen ƙarshen shekara, da lokacin yanke wanda za a ɗauka ya matso, Malam ya damƙa wa Ɗahiru babban aiki shi kaɗai: lissafin duk dilolin yadi da ke cikin sito, manaja na son takardar kafin a tashi. Kowa ya gane gwajin ƙarshe ne, na cika ƙa'ida kawai. Ɗahiru ya tsara aikin tsaf. Katunan sallama da aka saba ɗorawa sun tsufa, gefensu ya lanƙwashe, sai ya zauna a injin huda don ya buga sababbi. Abu ne da ya yi sau ba adadi, ko yatsunsa ba ya dubawa. To jiya da yamma sallamar injin Ingila ya yi ta rubutawa a Unguwar Gano har hannunsa ya gaji, yau kuma hankalinsa na kan dilolin yadi. Yatsun suka bi ta jiya.

Sallamar injin Malam da 'yan sanduna biyu a karkace take farawa. Ta injin Ingila da kalma take farawa, ba sanda ko ɗaya. Aka zuba tulin, injin ya ja katin farko ya tsaya cak. Ya buga layi guda a kan takarda ya yi shiru.

Malam ya zare katunan sama ya ɗaga su. A gefen kowane kati injin huda kan buga abin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Ya karanta, ya sake karantawa. Da mantuwar waƙafi ce irin ta ɗan koyo, da ya yi tsaki ya wuce. Wannan sallama ce cikakkiya, ba inda ta karkace, sai dai ta wani gida ce. Kuma mutum ɗaya tak ya sani a Kano da zai iya koya wa yaro ita.

Ɗahiru ya tsaya gumi na bin bayansa a cikin wannan sanyi. Da an daka masa tsawa da ya fi masa sauƙi. Malam kuwa kujera ya jawo. Ya zauna da kansa a injin huda ya buga katunan da suka dace, ya ɗora, aka sake zubawa. Aikin ya fita tas, ba kuskure ko ɗaya. Ya yago takardar daga inji ya naɗe, sannan ya dubi Ɗahiru.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Sallamar ce ba ta gidan nan ba."

Ya fita ya kai wa manaja.

Daga ranar Malam Isyaku ya ƙara masa kirki, abin da ya fi duka ciwo. Ya daina tsayar da shi bayan an tashi. Lokaci na yi sai ya ce, "Je ka, kar ka makara," bai kuma taɓa cewa makara zuwa ina ba. Ayyukan da da Ɗahiru ake ba, sai ya kira Bello ya zaunar da shi kusa da shi yana nuna masa a hankali. Ɗahiru ya fassara abin yadda duk mai laifi zai fassara shi: fushi ne, irin na manya da ba ya fitowa a baki.

A wannan tsakanin Kawu Ɗanladi ya zo da geronsa. Ya zauna a tabarma ya sha fura ya goge baki ya ce, "Iyatu, haƙurina ya kai. Mutanen gari sun fara cewa mun yar da ke. Bana ce ta ƙarshe. In yaron nan bai kama aikin nan da ake ta faɗa ba, kafin sanyi ya shigo zan turo a kwashe ku."

"Ai an kusa, Yaya," ta ce. "Malam ya yi alkawari."

Da ya tafi ta dubi gefen da Ɗahiru yake ta ce, "Kai wannan, je ka ka durƙusa ka ba mutumin nan haƙuri tun abin bai yi tsami ba." Ya ce zai je. Ya yi ta zai je. A ransa cewa yake bari injin Ingila ya iso ya ga inda ya tsaya, sannan ya je da cikakkiyar magana a bakinsa.

Injin kuwa yana Legas. Lokacin nan ne jiragen siminti suka cushe tashar ruwa, jirgi ya yi wata da watanni a kan teku yana jiran layi. Duk mako Inuwa na cewa an kusa. Wata Laraba ɗalibai suka zo suka tarar ya goge allo, ya ɗaure littattafansa da igiya. Ya cire tabarau, ba wasa a fuskarsa. An sauke akwatunan tuni, in ji shi, aka bar su a fili damina ta ƙare a kansu, ga iskar gishiri. Da aka buɗe, tsatsa ce kawai a ciki. Hukumar ta ce ta jingine maganar inji sai abin da hali ya yi, shi kuma Legas zai nufa ya nemi abin yi.

"Ku yafe ni," ya ce. "Wanda yake da wurin komawa ya koma."

Ɗahiru bai tsaya jin sauran ba. Ya hau keke ya miƙi hanyar Tarauni yana jera kalmomin da zai faɗa: Malam, na yi kuskure, tsoro ne ya kai ni ba raini ba, ba ni da kowa sai kai. Yau kam ko yanka shi za a yi sai ya faɗa.

Ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam. Baba Lawan maigadi ne zaune, ba cikin kakinsa ba, cikin babbar rigar da yake zuwa Idi da ita. Ga ƙullin goro a gabansa, ga wasu dattawan Unguwa Uku da ya ɗauko su taya shi godiya. Bello na gefe a tsugune, kansa a ƙasa. Tsohon na magana hawaye na bin gemunsa, wai tun yana da ƙarfinsa yake buɗe wa masu kwat ƙofar nan, bai taɓa zaton ɗansa zai shige ta a matsayin ma'aikacin ofis ba. Yana ganin Ɗahiru ya miƙo hannu biyu.

"Ga ɗan albarka! Malam ya gaya mana kai ka samu babban wuri a gwamnati, ka bar wa ɗan'uwanka wannan. Allah ya yi maka yadda ka yi mana, ɗana."

Bello ya ɗago ya dube shi, murna da kunya a haɗe a fuskarsa. Malam Isyaku ya tashi ya kama hannun Ɗahiru ya ja shi cikin soro.

"Zauna," ya ce. "Na san abin da ya kawo ka, kuma na hutar da kai, ba sai ka faɗa ba. Ranar da na ga katunan nan naka ko abinci ban iya ci ba. Na zauna na tambayi kaina, yara biyu, duk na hannuna, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce mini Malam na samu gaba. To laifin wa? Sai na ga nawa ne. Na ɗaure ku da alheri har kun rasa bakin magana. Na Inuwa ya wuce, na yi fushin da bai amfane ni da komai ba. Naka na ce ba zan maimaita ba. Yaro mai hankali irinka ba zai ɓata yammacinsa a can ba sai da alkawarin wuri a hannu. Na jira ka faɗa, na ga nauyina ya hana ka, to ni na sauke maka. Yau da safe manaja ya ce in ba da suna, na ba da Bello. Shi ba shi da ko'ina sai nan. Kai kuwa mai sistem biyu, ina za ka je a ƙi ka?"

Ɗahiru ya sunkuyar da kai. Malam ya ɗan sunkuyo ya dubi fuskarsa da kyau.

"Ko akwai wata magana? Manaja bai sa hannu ba tukuna, sai gobe. In akwai abin da ban sani ba, faɗa mini yanzu."

Kalmomi kaɗan ne, kuma suna nan a kan harshensa tun daga Unguwar Gano. In ya faɗa, Malam zai tashi ya fita ya ce wa tsohon nan a yi haƙuri an samu kuskure, ya mayar masa da goronsa a gaban dattawan da ya ɗauko. Bello zai koma ɗan rakiya. Shi kuma Malam zai gane cewa alherin da ya yi ta shiryawa yana murna, da shi ya kusa yanka yaronsa. Daga waje muryar Baba Lawan na shigowa, ya fara jero addu'a, yana ambatar Maje da suna, Allah ya kai haske kabarinsa saboda ɗan da ya bari. Dattawa na amsawa da amin.

Ɗahiru ya tuna ƙirjin uwarsa. Ya tuna sarai, kada wani ya ce mantawa ya yi.

"Babu komai, Malam," ya ce. "Godiya na zo yi."

Malam ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe yadda ba ta washe ba tun ranar katunan. "Alhamdu lillahi. Yaushe za ku fara?"

"Sun ce sai inji ya iso."

"Allah ya kawo shi lafiya."

"Amin."

"Kafin nan ka riƙa leƙowa kana kama wa Bello, ka san shi sai a hankali."

"In sha Allahu, Malam."

Ya fito ya durƙusa ya gai da dattawa, aka ba shi goro ya karɓa da hannu biyu, ya kama hannun Bello ya yi masa murna.

Ni har yau in na tuna wannan yammaci raina ɓaci yake, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Da akwai mugu ɗaya a cikinsu da na samu wanda zan zaga in huce. Malam ya ce ina za a ƙi mai sistem biyu, ya manta cewa injunan da ke Kano a lokacin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kowanne kuma da masu shi a zaune, ba wanda ke shirin tashi. Yaron da ya fi kowa iya abin nan a garin ya fito daga Tarauni ba shi da inda zai zuba kati ko ɗaya.

Bai hau keken ba, tura shi ya yi har Gyadi-Gyadi. Ya tarar da Iyatu a bakin murhu tana tuƙa tuwo, hayaƙi na sa ta tari. Ya jingine keken, ya tsuguna nesa da ita kaɗan ya faɗa mata komai, daga tsatsar Legas har goron Baba Lawan, bai rage ba. Ba ta daina tuƙi ba sai da ya kai ƙarshe.

"Malam ya ce ka faɗa, ka ƙi?"

"E, Inna."

"Tsohon yana wurin?"

"Yana ƙofar gida, da mutanensa."

Ta zare muciya ta ɗora a kan murfi. Manaja bai sa hannu ba, ta ji wannan, kuma Tarauni ba nisa. Da ta ce ya tashi ya koma da ya koma, shi da bakinsa ya rantse mini da ya koma.

"Da ka kunyata su da ban ji daɗi ba," ta ce a hankali. Ta sa bakin zani ta goge ido. "Gobe da safe ka je tasha ka nemi direban Kibiya ka ba shi saƙo, a gaya wa Kawunka ya turo a kwashe kayan. Ka ce masa ni ce na ce na gaji da birni."